Abu Ziyad da Bindigar Bahagon Alƙali

Bakin bindigar yana bin layin da bango ya haɗu da rufin ɗaki, a hankali, daga kusurwar da hoton aurensu yake rataye zuwa kusurwar da fenti ya ɓare. Da ya kai ƙarshe sai Nakhle ya sauke, ya ja numfashi, ya sake ɗagawa. Babu harsashi a ciki. Haka yake yi kowace safiya kafin gahawa ta tafasa, tun gashin kansa yana baƙi: ya tsaya tsakiyar falo da singileti, ya kai gindin bindiga kafaɗa, ya kwantar da kunci a kan katako, ya bi layin nan kamar mai bin tsuntsu. Abin da ya sauya kawai shi ne kafaɗar. Shekara arba'in ta dama ce. Tun hunturun bara ta hagu ce, kuma ta hagun ba ta san shi ba.

"Abu Ziyad," in ji matarsa Nuhad daga kicin, "in ka gama kashe rufin, gurasar nan mai yajin za'atar tana hucewa."

"Saura kaɗan."

"Tun ina amarya kake harbinsa, bai faɗo ba. Zo ka ci."

Nakhle manomin tuffa ne a ƙauyenmu na kan dutse. Gonarsa hawa-hawa take, kamar matakalar da aka yi wa wani ƙato, kuma ba ta taɓa mai da shi attajiri ba. Farautar tsuntsu ya bari tun yana saurayi. Abin da ya riƙe shi shi ne faifan yumɓu. Kowace Lahadi bayan an fito coci, yakan gangara filin harbi da ke bakin kwari, inda inji yake ɓoye a rami yana cilla ƙananan faya-fayai masu launin lemo, faɗin tafin hannu. Mutum ya tsaya, ya ce "Ha!", faifai ya fito a guje ta inda ya ga dama, kafin ƙiftawa biyu ko dai ka mai da shi gari ko ya tafi abinsa. In ka same shi daidai, ƙura ce mai launin lemo take tsayawa a sama, ita kaɗai, na ɗan lokaci, kafin iska ta tuna da ita. Don wannan ɗan lokacin Nakhle yake jure sauran kwana shida na mako.

Sai wani tabo ya zo ya zauna a tsakiyar idonsa na dama, kamar shatin yatsa a kan gilashi. Yana ganin gefen komai, tsakiyar ce babu. Ya dubi fuskar Nuhad ya ga kunnuwa da gashi. Likita a Beirut ya ce za a iya hana tabon faɗaɗa, amma ba zai tafi ba. Na hagun kuwa, in ji shi, idon ɗan shekara ashirin ne. Wanda ke harbi da kafaɗar dama da idon dama yake saiti. Don haka Nakhle ya kwashe ya koma hagu, kamar wanda aka tasa daga gidan gado zuwa gidan haya.

Bindigarsa ta ƙi bin sa. Gindin kowace bindiga ta kirki an ɗan karkatar da shi gefe guda, abin da bai kai faɗin yatsa ba, don idon mai ita ya faɗa daidai kan doron bututu. Tasa an karkatar da ita ne don na dama. A hagu sai idonsa ya riƙa leƙe ta gefe, kuma duk harbi sai katakon ya mare shi a muƙamuƙi. Yakan dawo gida da kunci a kumbure, faya-fayan kuma suna sauka can ƙasan kwari lafiya lau.

Su shida ne a layi, tun bayan yaƙi suke tare. Wanda ya fi kowa baki shi ne Tanyus mahauci. Da can, in Nakhle ya kuskure faifai, Tanyus zai daka tsawa: "Ƙubrus! Wannan ya haye teku ya tafi tsibirin Ƙubrus ba fasfo, ku gaishe shi!" Kowa ya yi dariya, Nakhle ya rama da zancen naman da Tanyus ke sayarwa. Yanzu in ya kuskure sai a yi shiru. Wani ya ce, "Ba komai, Abu Ziyad, iska ce yau," alhali ko ganye bai motsa ba. Wannan tausayin ya fi marin katako zafi. A filin nan, ranar da aka daina yi maka tsiya, an fara yi maka bankwana ke nan. Ga kuma wani likitan haƙori, Dakta Karam, da ke zama a benci kowace Lahadi da sabuwar bindiga a cinya, mutum mai ladabi, yana jiran gurbi a layin. Ba wanda ya ce wa Nakhle ya matsa. Ba sai an ce ba.

Ɗansa Ziyad, da ke aiki a Abidjan, shi ya kira wata rana ya ce, "Baba, zaɓi bindiga ta bahagwai, ƙirar Italiya, irin ta manya. Ni zan biya. Mama ta aiko mini hoton kuncinka."

Nakhle ya san gumin da ke bayan wannan magana, ya kuma san sau ɗaya ake yi wa mutum irinta. Bindiga irin wannan ba riga ba ce da za ka sa ka cire. In ta zo ba ta zauna masa ba, shi ke nan, ya ƙone gumin yaron, kuma gurbinsa ya tafi. Ba a cinikin biri a sama. Sai ya harba ta tukuna. Daga nan ne zama ya gagare shi.

Ya fara da wani shago a Beirut, mai sanyi kamar asibiti, bindigogi a jere bayan gilashi. Mai shagon saurayi ne mai gyararren gemu, sai ƙamshi yake.

"Ɗaga, baffa, saita, shafa son ranka," in ji shi. "Harbi ne babu."

"Ko harsashi ɗaya?"

"Harsashi ɗaya ya bi ta cikinta, ta zama bazawara. Wa zan sayar wa a kuɗin budurwa? Kuma wannan ma ta na dama ce. Ta bahago sai an yi oda, a jira watanni, in ta iso taka ce har abada."

"In ta zo ba ta zauna mini ba fa?"

Saurayin ya yi murmushi. "Sai kai ka zauna mata."

Ya ji labarin wani filin harbi a bakin teku zai yi ranar gwaji, wakilin masu ƙera bindiga zai kawo kaya. Ya tashi da sassafe, ya sha cunkoson motoci a garin Juniya, ya iske rumfa da tebur mai jan ƙyalle, bindigogi a kwance kamar kifin da aka fito da shi yanzu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu, yana lalubar karkatar gindi. Duka na dama ne. Wakilin ya buɗe hannuwa ya ce bahagwai ba su da yawa, sai dai baɗi. Aka ce masa akwai wani mutum kusa da Zahle mai irin wadda yake nema. Ya haura dutse ya gangara kwarin Biƙa'a cikin zafin rana, ya iske gida a kulle, maƙwabci ya ce ai mutumin ya bi 'yarsa Ostireliya. Wani ya ba shi shawara ya tafi Italiya kawai, can masana'anta, inda ake auna mutum kamar wurin tela a ba shi ya harba har ya gaji. Nakhle ya dubi itatuwansa da suka fara sunkuyawa da 'ya'ya. Wa zai tsinke tuffa?

Duk lokacin zafin nan bai zauna wuri ɗaya ya shanye gahawa ba. A gona sai ya ɗaga sandarsa kafaɗar hagu yana bin tsattsewa. Yana tuƙi yana rufe idon dama yana buɗewa. Har a coci Nuhad ta kama shi ya karkata kai yana bin bakan ginin da ido ɗaya, tun daga ginshiƙi har kan bagade, ta zungure shi da gwiwar hannu.

"A nan ma?" ta raɗa masa. "Bari mala'ikun su huta."

Tanyus ne ya kawo maganar, wata safiya a shagonsa, yana saran haƙarƙari bai ɗago ba.

"Akwai guda a tsallaken kwari. Alƙali Milhem, wanda ya yi ritaya. Bahago ne, tsawonku ɗaya, wuyanku ɗaya, irin na zakara. Tasa a Italiya aka ƙera masa. Ba ya harbi da mutane, shi kaɗai yake zuwa wani fili ranar aiki." Ya ɗago wuƙa ya nuna shi. "Amma ni ban faɗa maka ba. Ka san dai yadda abin yake."

Nakhle ya sani. Katanga biyu ce. Ta farko, maharbi ba ya roƙon aron bindigar wani. Ka ari motarsa, ka ari tsaninsa, ka nemi jininsa in kana asibiti, duk zai ba ka. Bindiga kuwa an yanka ta ne a kan fuskarsa, ba a tambaya. Ta biyun ta fi tsayi. A wajenmu in ka yaba abin mutum a gabansa, agogo ne ko carbi ko riga, dole ya ce maka, "Taka ce." Kai kuma dole ka ce, "A hannun mai ita ta fi kyau." Ya nace, ka ƙi, ya sake, ka sake, sau uku, sai abu ya koma mazauninsa kowa da mutuncinsa. Rawa ce da kowa ya san takunta tun yana goye. To wanda aka ba shi abu ɗungurungum ya ƙi, da wane baki zai dawo ya ce a ara masa na rabin sa'a?

"Kada ka yaba," in ji Nuhad, tana jera masa tuffan farkon kaka a kwando, jajaye a sama. "Ko ta yi magana kada ka yaba. Ka buɗe baki ka ce wa alƙalin, Rayyis, ara mini. Shi ke nan."

"Ni? In ce ara mini?"

"To zauna ka ci gaba da harbin rufi."

Da la'asar suka je, shi da Tanyus, wanda ya ce ya zo ne don ya riƙe kwando. Alƙali Milhem, wanda kowa ke kira Rayyis kamar yadda ake kiran alƙalai, dogo ne busasshe, mai magana a hankali kamar yana karanta hukunci. Da hannun hagu ya zuba musu gahawa. Aka yi zancen tuffa, aka yi zancen ruwa, aka yi zancen wutar lantarki da ba ta zuwa. Nakhle na zaune a bakin kujera. Sau biyu ya buɗe baki da "Rayyis," sau biyu ya ƙare da tambayar lafiyar 'yan'uwa. Amma maharbi ba ya iya zama da maharba bai nuna kayansa ba. Alƙalin da kansa ya miƙe, ya shiga ciki, ya fito da doguwar jakar fata.

Katakon gindinta duhu ne mai zane, kamar hayaƙi a cikin zuma. A jikin ƙarfen an sassaƙa ganyaye ƙanana da sai ka matso za ka gani. Alƙalin ya karya ta, ya nuna babu komai a ciki, ya miƙa.

"Ɗaga ka ji nauyinta, Abu Ziyad."

Nakhle ya miƙe. Ya nemi layin bango da rufi, don kowane ɗaki yana da nasa. Ya ɗaga. Ba shi ya kai ta kafaɗa ba, ita ta je, kamar tattabarar da ta san gidanta. Kuncinsa ya kwanta, idonsa na hagu ya faɗa kan doron bututu sak, ba leƙe, ba karkata wuya. Karo na farko tun hunturu, layin rufi yana nan inda bakin bindiga ya ce yake. Wani abu ya taso masa daga ƙirji, kafin ya tare shi ya riga ya fita.

"Ya Allah, Rayyis! Ban taɓa riƙe abu mai kyau irin wannan ba."

Tanyus ya rufe ido.

"Taka ce," in ji alƙalin.

"A hannun mai ita ta fi kyau."

"Na ce taka ce, Abu Ziyad."

"Allah ya bar ka da ita, Rayyis."

Alƙalin ya riga ya miƙo hannu don ya karɓa, idonsa ma yana kan butar gahawa, ya faɗi ta ukun kamar mai hamma: "Wallahi ɗauka."

Nakhle ya ji katakon a kuncinsa har yanzu, da ɗuminsa. Ya tuna shagon Beirut da gidan Zahle da ke kulle da Dakta Karam a benci. Ya ji bakinsa ya ce, "To. Na gode."

Agogon bango ne kawai bai ji abin da aka faɗa ba, shi ya ci gaba da aikinsa. Kofin Tanyus ya tsaya tsakanin faranti da leɓe. Hannun alƙalin yana nan a miƙe a iska, ba abin da ya faɗa cikinsa. Mutumin da ya shekara talatin yana yanke hukunci bai ko ƙifta ba. Ya janye hannun a hankali, ya karɓi bindigar, ya kwantar da ita a jaka, ya haɗa da sandar goge bututu da kwalbar mai, ya ɗaure, ya miƙo da hannu biyu.

"Allah ya sa albarka," in ji shi. "Ba ta son danshi."

Sai da suka shiga mota Tanyus ya sami numfashi. "Ka haukace? Ka yi wa alƙali fashi da rana tsaka! Da kwandon tuffa! Ni kuma shaida!"

"Bakina ne."

"Bakinka! Gobe in na ce shagona naka ne, sai in iske ka a bayan kanta da wuƙa?"

Labari ya riga su isa gida, don Tanyus yana da waya kuma yana da mata. Nuhad na tsaye a ƙofa, hannu a ƙugu.

"Na ce kada ka yaba. Ban san sai na ce kada ka karɓa ba. Wannan ko jariri ya sani."

"Zan mayar gobe."

"Ka mayar? Ka ce wa alƙali, a gaban duniya, rantsuwarsa ƙarya ce? Ya ce wallahi, Nakhle."

Gaskiya ta faɗa. Magana zarar bunu ce. In ya mayar, ya zagi mutumin. In ya riƙe, har jikokinsa za a riƙa nunawa ana cewa ga zuriyar wanda ya ce "to". Jakar ta kwanta a kan doguwar kujerar falo kamar baƙon da ba a san ranar tafiyarsa ba. Nakhle ya shiga gona ya fito, ya shiga ya fito. A kanti mutane suka riƙa tura agogonsu cikin hannun riga in sun hango shi, suna dariya ƙasa-ƙasa. Ya rantse ba zai taɓa ta ba. Washegari da safe, kafin gahawa ta tafasa, Nuhad ta leƙo ta gan shi a tsakiyar falo da singileti, bindigar alƙali a kafaɗar hagu, fuskarsa kamar ta mai addu'a. Ta daɗe tana kallo, ba ta ce gurasa na hucewa ba.

"Ta ƙofar da ta fita za ta koma," in ji ta daga baya, suna cin abinci. "Ka gayyace shi fili ranar Lahadi. Ka harba abarka, tunda dai ka riga ka zubar mana da mutunci. Sannan ka ajiye ta a gabansa. In ya yaba, ka san abin da za ka ce."

"In bai yaba ba fa?"

"Sai mu sayar da gona mu bi ɗanka Abidjan, don ni ba zan ƙara shiga cocin nan ba."

Ya kira alƙalin. Amsar da ya samu ita ce, "Za mu gani."

Ranar Lahadi filin ya cika da mutanen da ba su taɓa riƙe bindiga ba. Alƙali bai zo ba. Su shida suka jeru. Da layi ya zo kansa Nakhle ya sa harsashi, ya rufe, ya ɗaga, ya ce "Ha!" Faifai ya fita dama, harbi ya bi bayansa a makare. Shiru. Na biyu ya tashi sak, sai ga ƙurar lemo a tsaye a sama. Na uku ma. Katakon bai mare shi ba. Gindin dai ya ɗan yi masa tsawo, yana kama rigarsa in ya yi sauri. Ya lura da wannan, ya ajiye a ransa. Ya fasa, ya kuskure, ya fasa uku a jere. Hannun hagunsa yana koyon jan kunamar bindiga kamar yaro na koyon rubutu, amma idon yana gani, kuma bindigar tana zuwa inda idon ya je.

Can tsakiyar zagaye wani faifai ya fito a saitinsa, mai sauƙi, irin wanda ko makaho zai samu. Ya harba baki biyu, faifan ya wuce lafiya yana sheƙi a rana.

"Ƙubrus!" Tanyus ya daka tsawa, ya manta da kansa. "Da bindigar alƙali ma Ƙubrus! Ɓarawo ne kawai, ba maharbi ba!"

Layin ya fashe da dariya. Nakhle ya karya bindiga, kwanson harsashi ya yi tsalle, ya ji idanunsa duka biyun, mai gani da marar gani, sun ciko.

"Kai dai je ka auna wa mutane ƙashi a kuɗin tsoka," in ji shi, bai juyo ba.

Sha takwas ya fasa cikin ashirin da biyar. Da can da ya ji kunyar wannan. Da ya juyo sai ya ga alƙali Milhem zaune a benci kusa da Dakta Karam, sanda tsakanin gwiwoyi, ba wanda ya san lokacin da ya zo.

A ɗakin shan gahawa na filin, Nakhle ya goge bindigar ciki da waje, ya kwantar da ita a kan tebur daidai gaban alƙalin, ya juya ta yadda hasken taga zai faɗa kan katakon. Ɗakin ya cika har ƙofa. Alƙalin ya kurɓi gahawa.

"Gahawar nan ta yi daɗi," in ji shi.

"Taka ce, Rayyis," in ji mai gahawar, aka yi 'yar dariya.

Alƙalin ya yaba iskar dutse. Ya yaba tuffan da aka kai masa, ya ce 'yar'uwarsa ta dafa rabi da sukari. Ya yaba hular Tanyus, Tanyus ya dafe ta da hannu biyu kafin ya ce masa "Taka ce". Bindigar kuwa ko kallonta bai yi ba, kamar tebur ne kawai a gabansa. Gumi ya jiƙa bayan rigar Nakhle. Ya ɗan tura ta gaba da yatsa. Alƙalin ya janye kofinsa don kada ta taɓa shi.

"Ta mare ka?" ya tambaya can, yana kallon taga.

"Ko sau ɗaya, Rayyis."

"Tana kama rigarka. Na gani."

"Gindin ya fi ni da faɗin yatsa ɗaya. In an rage wannan, shi ke nan."

"Wato yanzu ka san abin da za ka ce wa mutanen Italiya."

"Na sani, Rayyis."

Alƙalin ya gyaɗa kai. Ya ajiye kofi. Sai a lokacin ya sauke ido kan tebur, ya ɗaga gira kamar wanda ya ga baƙon abu.

"Abu Ziyad, wannan bindiga taka kyakkyawa ce. Ina ka samo ta?"

"Taka ce!" Har kujerar Nakhle ta faɗi da ya miƙe.

"A hannun mai ita ta fi kyau," in ji alƙalin a natse.

"Rayyis, don Allah, taka ce."

"Allah ya bar ka da ita." Ya naɗe hannuwa a ƙirji, ya jingina.

Saura ɗaya. In ya ƙi ta ukun, rawa ta ƙare, bindiga ta zauna wurin Nakhle har kabari. Nakhle ya ɗauke ta da hannu biyu, ya zagayo tebur, ya miƙa masa.

"Wallahi ɗauka."

Alƙalin ya dube shi, ya dubi rufi, ya cire wani zare daga hannun rigarsa ya yar. Gefen bakinsa ya ɗan motsa.

"To," in ji shi. "Na gode."

Ihun da aka yi har karnukan ƙasan kwari suka amsa. Tanyus yana dukan tebur yana cewa a rubuta ranar, an ga mutum biyu marasa kunya a kwari ɗaya. Dakta Karam ma yana tafi, da ladabinsa. Alƙalin ya kwantar da bindigarsa a jaka, yana shafa ta kamar mai duba ko yaronsa ya rame a gidan mutane. Kafin ya rufe, hasken taga ya sake faɗawa kan katakon, hayaƙin nan ya motsa a cikin zuma. Nakhle na tsaye yana murza kafaɗar hagu, inda wani sabon ciwo mai daɗi ya fara zama. Ya yi ajiyar zuciya.

"Amma dai gaskiya, Rayyis, wannan bindiga..."

"Rufe bakinka!" ɗakin gaba ɗaya ya ce, alƙalin kuma ya rungume jakar a ƙirji.

"Lahadi mai zuwa kada ka makara, ɓarawo," in ji Tanyus. "Da tsohuwar bindigarka za ka zo, mu ga Ƙubrus ta cika."

Nakhle ya ɗaga kujerar da ya kayar, ya laluba aljihu ya ciro waya. A cikin ɗakin ba a samun layi sai an hau tudun bayan rami. Ya riƙe wayar nesa, ya rufe idon dama, yana neman sunan Ziyad da babban yatsan hagu, mutane suna buɗa masa hanya, ya fita.